Yadda Ake Haɗa Kuɗin Sake Gina Tsohuwar Gadar Ƙauye a Jihar Maraɗi

Tun bayan daminar 2024, da ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi da kewayenta, tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga ƙauyukan Madarunfa, Gidan Rumji da Tasawa. Gadarmu ta tsage, ruwa ya ci gindinta, mun je meri an ce babu ƙarfi, mun je ma'aikatar hanyoyi an ce ba hanyarsu ba ce, to wa zai gina? Gaskiyar magana, da wuya ma'aikata guda ta ɗauki gadar ƙauye ita kaɗai. Haɗa ta ake yi, wannan ya biya bincike, wancan ya biya kankare, wani ya ɗauki hanyar da ke hawa kanta. Ga yadda ake bin aikin. Kada a tsallake mataki don an ga na gaba ya fi daɗi.

1. A gano mai gadar

Kafin a roƙi ko dala, a san wa ke da gadar a takarda. In tana kan babbar hanyar ƙasa, irin RN1 ko hanyar Ɗan Isa, ta gwamnati ce kai tsaye, aikinku kai rahoto da bibiya. In tana kan hanyar jan ƙasa ta karkara, tana iya zama a lissafin ma'aikatar hanyoyi, wadda muka saba kira TP, tana iya zama a hannun kwamin. Da yawa daga cikin ƙananan gadojin nan wani furoje ne ya gina su, ya ƙare, ya tafi.

A rubuta wasiƙa zuwa ga daraktan hanyoyi na jiha, wata zuwa ga ma'aikatar jeni rural, wato ta injiniyoyin gine-ginen karkara, a nemi amsa a rubuce. A bincika a meri ko akwai takardar da aka danƙa musu gadar lokacin da furojen ya rufe.

Hattara: in gadar tana kan iyakar kwamin biyu, a shigar da su duka tun yau. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta yarda kwamin biyu su haɗu kan aiki guda. Wanda aka manta da shi a farko shi ne zai tsayar da aiki a tsakiya.

2. A tara shaida

"Muna shan wahala" ba ya buɗe aljihun kowa, domin kowane ƙauye haka yake cewa. Lissafi ake so. A ɗauki hoton gadar ta sama da ta ƙasa: tsagewar kankare, ƙarfen da ya fito fili ya yi tsatsa, ramin da ruwa ya haƙa a gindin ƙafa. A sa kwanan wata a kowane hoto.

Sai a zaunar da samari biyu a bakin gadar da littafi, daga asuba zuwa magariba, ranar kasuwa ɗaya da ranar da ba kasuwa ɗaya. Su ƙirga kamiyo, ƙananan motoci, kabu-kabu, amalanke, garken dabbobi da masu tafiya a ƙasa, kowanne a layinsa. A tambayi majo na gidan likita mata nawa aka kasa fitarwa da su haihuwa a daminar da ta wuce, ya duba rajistarsa. A tambayi darektan lakwal kwana nawa yaran tsallaken suka yi ba su zo ba. A rubuta farashin buhun gero ko na aya a ƙauye da farashinsa a kasuwar da ake kai shi, lokacin da hanya ke buɗe da lokacin da ta yanke.

Akwai shaidar da ta fi duk waɗannan, ita ce alamar ruwa. Na taɓa raka wani injiniya bakin wata korama, yana ta duba na'urarsa, sai wani dattijo ya ja shi gindin gawo ya ɗora sanda sama da kansa, ya ce, "Yaro, nan ruwa ya kai shekarar da muka kwana bisa tudu." Injiniyan ya ce, "Baba, ka tabbata?" Dattijon ya kira mutum biyu, kowa ya nuna wuri guda. A kan wannan alamar aka ɗaga tsayin gadar. Ku nemi irin waɗannan dattawa, ku shafa fenti a wurin da suka nuna.

Hattara: kada a kumbura lissafi. Masu ba da kuɗi suna aiko nasu mai ƙirga, in suka kama ƙarya ɗaya sun yar da dosiyen gaba ɗaya.

3. Kwamiti, da shigar da gadar cikin tsarin kwamin

A kafa kwamitin gada, kada ya wuce mutum bakwai zuwa tara: wakilin hakimai, na ƴan kasuwa, na sandikar direbobi, mata aƙalla biyu, da mutum ɗaya mai iya rubuta faransanci da adana takardu. A bi hanya yadda aka saba, hakimi, sarki, meri, perfe, sannan gwamna. Wanda ya tsallake sarki ya tafi Yamai kai tsaye zai dawo ya tarar da ƙofa a rufe ranar da ake neman fili.

Abin da ake nema a meri guda biyu ne. A sa gadar cikin kundin tsarin raya kwamin, wato PDC, kuma a sa ta cikin tsarin ayyukan shekara tare da layinta a kasafi. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da meri, su za a gani, amma sakataren meri shi ya fi sanin inda takardu suke.

Hattara: kasafin kuɗi daga Janairu yake farawa zuwa Disamba, a ƙarshen shekara ake shirya na baɗi. In kun zo a watan Maris, kun yi asarar shekara. Kuma tambayar farko da kowane furoje ke yi ita ce, "Tana cikin PDC?"

4. Binciken injiniya: nan kuɗin farko za su tafi

Nan ne yawancin ƙauyuka ke tuntuɓe. An tara miliyan biyu ko uku, sai a ce a sayi siminti a ajiye don jama'a su ga an fara. Siminti ya daskare a mangaza, gada ba ta tashi ba. Kuɗin farko na bincike ne, domin ba mai sa hannu kan aikin da bai san farashinsa ba.

A fara da neman jeni rural ko TP su zo su duba su rubuta rahoton farko. Wannan ba ya wuce kuɗin mai da na ɗawainiyar tafiya. In rahoton ya nuna aikin babba ne, sai meri ta ɗauki ofishin injiniyoyi mai izini. Binciken ya ƙunshi awon ƙasa, lissafin yawan ruwan da ke bi ta wurin, da haƙa rami a gwada ƙarfin ƙasar da za ta ɗauki tushe. Gwajin ƙasa da na kankare aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, irin na gwamnati LNTPB.

A buƙaci injiniya ya kawo zaɓi fiye da ɗaya, kowanne da farashinsa. Radiye shimfiɗar kankare ce da ruwa ke bi ta samanta, ta fi araha, amma in ruwa ya taso sai a jira ya janye. Dalo akwatunan kankare ne da ruwa ke bi ta cikinsu, su suka fi dacewa da yawancin koramunmu. Gada mai ƙafafu da dogayen ƙarafa sai babban ruwa irin Gulbin Maraɗi. Ni dai ra'ayina, ƙauyen da ruwansa ke wucewa cikin sa'o'i kaɗan gara ya karɓi radiye mai kyau bana da ya shekara goma yana jiran babbar gada. Amma inda ake fitar da marasa lafiya, ko inda ruwa ke kwana, radiye ba ta wadatar.

Hattara ga na bakin Gulbi: ruwansa ba na samanmu kaɗai ba ne. Daga Najeriya yake shigowa, kuma akwai madatsar Jibiya a samansa, yana iya cika ranar da ko ɗigo bai sauka a Madarunfa ba. Gindinsa kuma yashi ne mai zurfi, ruwa na haƙe shi a ƙarƙashin tushe. Injiniyan da bai yi maganar waɗannan biyun ba, a mayar masa da rahotonsa.

Sai debi, wato takardar farashi. A duba ko waɗannan suna ciki, domin su aka fi mantawa: rushe tsohuwar gadar da kwashe ɓaraguzai, hanyar wucin gadi da za a bi lokacin aiki, cikon jan ƙasa na hawa da sauka, gabiyon (kwandunan waya cike da duwatsu) da jeren duwatsu na kare gaɓa, kuɗin mai sa ido, ajiyar ko-ta-kwana, da harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Ga misali don a ga nauyin abin: in gini ya kama miliyan 80, mai sa ido miliyan 6, ko-ta-kwana miliyan 8, an kai miliyan 94. TVA a kan wannan ya kusa miliyan 18. Wanda ya yi yawo yana neman miliyan 80 zai tarar da ramin sama da miliyan 30 a gabansa.

Hattara: kada a karɓi debi kyauta daga ɗan kwangilar da ke neman aikin. Wanda ya auna daban, wanda zai gina daban.

5. Muhalli da gonakin mutane

Dokar 2018 kan tantance illar ayyuka ga muhalli ta sa sai an kai bayanin aikin ga BNEE, hukumar ƙasa mai wannan tantancewa, ta ce wane irin bincike ya kamace shi. A fara ta ma'aikatar muhalli ta jiha. Gonakin da hanyar za ta ci, da ramin da za a ɗebi jan ƙasa, a kira kwamitin ƙasa na kwamin, Kofokom, ya auna, a rubuta sunan mai gona da abin da aka daidaita, ya sa hannu gaban hakimi.

Hattara: yawancin masu ba da tallafi ba sa biyan diyya, ta meri ce ko ta gwamnati. "Na bayar fi sabilillahi" ma a rubuta shi, don magada ba su ji lokacin da aka faɗa ba.

6. A yanka aikin, kowa a kai masa yankin da yake iya ɗauka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi wasiƙa ɗaya a raba wa ofisoshi goma, kowanne ana roƙonsa ya gina gada. Kowane ofishi da abin da dokarsa ta yarda ya biya. In ka roƙe shi abin da ba ya cikin layinsa, ko yana sonka ba shi da yadda zai yi.

Meri ita ce ta bincike, diyya, da kason da ake buƙata daga mai aiki, wato hukumar da za ta ba da kwangilar, kafin wasu su sa nasu. Hukumar ANFICT, wadda ke isar da tallafin gwamnati da na abokan hulɗa ga ƙananan hukumomi, ta hannun meri ake nemanta, kuma sai meri ta gyara lissafin kuɗinta na baya. Ma'aikatar hanyoyi na iya sa gadar cikin kasafin ƙasa in hanyar tana lissafinta, in ba ta ciki tana iya ba da injiniyoyi. Asusun gyaran hanyoyi, FER, na gyara ne da kulawa, a neme shi kan cikon hanya da aikin gaggawa, kada a dogara da shi kan sabon gini.

Babban kason kankare yawanci daga furoje yake fitowa. Asusun FIDA, na Majalisar Ɗinkin Duniya mai tallafa wa noma, ya daɗe a jihar nan, shirinsa na ProDAF ya yi hanyoyin karkara masu haɗa gonaki da kasuwanni, Bankin Duniya ma ya sa kuɗi a hanyoyin karkara. Furoje na buɗewa yana rufewa, saboda haka a je ma'aikatar tsare-tsare ta jiha a tambayi waɗanda ke aiki yanzu da kwaminonin da suka shafa. Kowanne a yi masa magana da harshensa. Na noma a nuna masa tan nawa na aya, wake da zogale ke bi ta gadar. Na lafiya a nuna masa rajistar majo.

Akwai yankin da kowa ke rainawa, shi ne saman koramar. In tudun da ruwa ke gangarowa daga shi ya zama faƙo, sabuwar gadar za ta cika da yashi cikin damina biyu. Ma'aikatar muhalli da ƙungiyoyin da ke biyan jama'a su haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata su jera duwatsu, irin PAM, Hukumar Abinci ta Duniya, wannan yankin nasu ne, kuma ba ya taɓa kuɗin kankare.

Alhazan Maraɗi ƴan asalin ƙauyen, da ƴan ci-rani na Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya, a kai musu abu takamaimai: kuɗin gwajin ƙasa, ko kamiyo kaza na duwatsu. Alhaji ya fi saurin amsa "kamiyo ashirin" da "a taimaka".

In an ji ta bakin kowa ɗaya bayan ɗaya, sai a roƙi perfe ko gwamna ya kira zama guda. Kiran kwamiti ba ya tara daraktoci, kiran gwamna yana tara su. A je da takarda mai layi uku, aiki, farashi, mai biya, a cike ta a gaban kowa, a fita da rahoton zama mai sa hannu.

7. Yarjejeniya, da mai aiki guda ɗaya

Alkawarin baki a wurin taro ba kuɗi ba ne. A rubuta yarjejeniya ɗaya da kowa zai sa wa hannu, ta faɗi nawa kowa zai bayar, a wane wata, ta wace hanya, da TVA ko babu. Ta faɗi wanda zai cike in farashi ya tashi, da abin da za a yi in wani ya makara ko ya janye. Ta faɗi wanda zai mallaki gadar bayan an gama. In tallafin da Yuro aka yi alkawarinsa babu damuwa, canjinsa a tsaye yake, sefa 655,957 kowane Yuro dubu. In da dalar Amurka ne, a rubuta adadin da sefa.

Abu mafi muhimmanci, a naɗa mai aiki guda, wanda shi kaɗai ke sa hannu da ɗan kwangila, shi kaɗai ke ba shi umarni. Na ga aikin da aka raba biyu, wani ofishi ya ba da kwangilar dalo, wani ya ɗauki cikon hanya, kowa da ɗan kwangilarsa. Na dalo ya gama a watan Afrilu ya kwashe kayansa. Kuɗin ciko ba su fito ba har ruwa ya sauka. Dalon ya tsaya tsakiyar korama kamar rumbu, yara na hawa suna tsalle, amalanke na zagayawa ta cikin ruwa, kafin kaka ruwan ya buɗe sabuwar hanya ta gefensa. In dole ne a raba kwangila, to kada a fara ko ɗaya sai kuɗin duka biyun sun tabbata.

8. Gudummawar jama'a

Kuɗin da aka tara a ƙauye su shiga asusun banki da sunan kwamiti, mai sa hannu biyu ko uku, kowane mai bayarwa da rasit. A karanta lissafi bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa. Kada su kwana a asusun mutum ɗaya, ko da limami ne, don kare shi daga zargi.

Hattara da gudummawar yashi da tsakuwa. Yashi mai laka yana kashe kankare, kuma in gini ya tsage ɗan kwangila zai ce kayanku ne. Sai mai sa ido ya gwada ya yarda kafin a ɗebo. Ruwa, gadi, da gyaran hanyar wucin gadi sun fi sauƙi ga jama'a. A ƙiyasta su da kuɗi a sa cikin yarjejeniya a matsayin kasonku.

9. Ba da kwangila da zaɓen lokaci

Kuɗin hukuma sai an bi dokar kwangilolin gwamnati: sanarwa, buɗe ambulan a bainar jama'a, tantancewa, da lokacin ƙorafi gaban hukumar ARCOP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati. Wannan yana cin watanni, shi ya sa ake yin sa cikin damina, lokacin da ba a iya gini. A sa hannu kafin Oktoba, a shiga fili da ruwa ya janye, a gama tushe cikin sanyi, a rufe komai kafin Yuni.

Hattara: mafi araha ba shi ne mafi dacewa ba. Wanda ya karya farashi ƙasa da debin injiniya sosai, a siminti da ƙarfe zai rama. A je a ga gadar da ya taɓa ginawa, a tambayi mutanen wurin. Kuɗin somin aiki kuma kada a ba shi sai da takardar lamunin banki. In takardu suka makara har Maris, gara a jira kaka da a buɗe ramin tushe ruwa ya same shi.

10. Sa ido da biya

Mai sa ido ya zauna a filin, ba ya leƙo sau ɗaya a wata ba. Ba a zuba kankare sai ya ƙirga ƙarafa ya sa hannu. Kowane babban zubi a ɗebi samfuri a kai gwaji, ana fasa shi a kwana 7 da kwana 28. Da zafin Maris da Afrilu, kankare na son a rufe shi da buhuna a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda. Wannan ko ɗan kwamiti yana iya lura, in ya ga ya bushe fari fat ya kira mai sa ido.

Biya kan abin da aka auna aka gani ake yi. Ƴan kwamiti su halarci zaman fili na mako-mako, su rubuta ƙorafinsu cikin littafin aiki, amma kada su ba magina umarni. A kuma riƙa tuna wa kowane mai ba da kuɗi wata guda kafin lokacin kasonsa, domin takarda na daɗewa a baitulmali, ɗan kwangilar da ba a biya ba kuwa kwashe injinansa yake yi ya tafi wani aikin.

11. Karɓar gada da kula da ita

Karɓa biyu ce. Ta wucin gadi ranar da aka gama, inda ake zagayawa a rubuta duk aibin da aka gani da ranar gyara shi. Ta ƙarshe bayan wa'adin garanti, yawanci shekara guda, wato sai gadar ta ga damina. Kason da ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila, wanda ba ya wuce kashi 5 cikin 100, ba a sakinsa kafin nan, komai roƙo. A karɓi zanen gadar yadda aka gina ta, kwafi a meri, kwafi a TP, kwafi wurin kwamiti.

Meri ta buɗe layin kulawa a kasafinta. A kafa allon nauyin da gadar ke ɗauka, a gaya wa sandikar direbobi. A hana ɗibar yashi kusa da tushe, sama da ƙasa. Kowane watan Mayu a fito gayya a kwashe yashi, kara da leda daga bakin dalo, kuma bayan kowane babban ruwa mutum biyu su sauka su duba wayar gabiyon, in ta tsinke a ɗaure ta a ranar kafin duwatsun su zube.